Yadda Ake Tantance Tallan Sabon Harsashi Kafin A Ruɗe Ka

Kowace shekara a watan Janairu masu ƙera bindigogi da harsasai kan haɗu a birnin Las Vegas na Amurka, a baje-kolin da ake kira SHOT Show. Kusan duk shekara sai wani kamfani ya fito da harsashin da ya ce ba a taɓa yin irinsa ba. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya iso wayoyinmu a Kano ta YouTube da Facebook, sai ka ji majalisar mafarauta ta kaure da gardama, wannan yana rantsuwa da 6.5 Creedmoor, wancan yana cewa ai an wuce nan, yanzu 7mm PRC ake yayi. Galibin masu gardamar ba su taɓa riƙe ko ɗaya daga ciki ba. Ga yadda mutum zai bi zancen daki-daki ya raba abin da yake gaskiya da abin da yake talla.

Na farko, ka fara da doka

Wannan mataki shi kaɗai yana kashe rabin gardamar. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi-kashi. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, lasisinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wato a nan Kano Bompai za ka nufa. Bindigar harbin tsuntsu da raifil ɗin farauta, nasu yana hannun Sufeto Janar. Akwai kuma jerin waɗanda aka haramta wa farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa, cikinsu har da raifil ɗin soja mai faɗin baki milimita 7.62 da inci .300 da .303. Harsashi ma ba a mallakarsa sai mai lasisin bindigar da ke cin sa. Ba da lasisin kansa akan dakatar da shi wani lokaci, don haka ka tambayi hukuma halin da ake ciki. Duk wanda ya ce zai samo maka sabon harsashi ta bayan fage, gidan yari yake yi maka tayi.

Na biyu, ka duba wa ke magana

Da yawa daga masu yin bidiyon nan kyauta aka aiko musu da bindigar da harsashin, wasu har da kuɗin tafiya farauta. Ka duba rubutun da ke ƙasan bidiyon, in ka ga lambar rangwame ko sunan kamfani a matsayin mai ɗaukar nauyi, ka san ɗan talla kake saurare. Ba lallai ƙarya yake yi ba, amma abin da ya ga dama zai nuna maka.

Ka kuma fahimci dalilin kamfanin. Raifil mai kyau yakan yi shekaru hamsin yana aiki, uba ya bar wa ɗa. Wanda yake da ita ba shi da dalilin sayen wata, sai in an shawo kansa cewa harsashin da tasa ke ci ya zama tsohon yayi. Sabon harsashi yawanci ba ya aiki a tsohuwar bindiga, saboda haka duk wanda ya karɓe shi sai ya sayi sabuwa, da madubin saiti, da sauran tarkace. Kamar dai yadda ake yi da waya a Farm Centre ne, ta bara tana aiki lafiya amma an ce maka ta bana ta fito.

Na uku, ka nemo yayansa

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka daɗe. Da wuya ka ga sabon harsashi wanda ba shi da tsohon ɗan'uwa mai yin kusan aikinsa. Kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor a 2007. Amma sojojin Suwidin da Norwe sun karɓi 6.5x55 tun 1894, mai faɗin ƙwaya (wato kan harsashin da ke fita in an harba) iri ɗaya, kuma mafarautan can sun shafe fiye da ƙarni suna kashe manyan namun daji da shi. A tsakani akwai .260 Remington na 1997. Ƙwaya mai nauyin giram 9 takan fita daga Creedmoor da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa, daga 6.5x55 kuma kusan mita 800. Dabbar da aka harba ba za ta san bambancin ba.

Haka in an kawo maka 6.8 Western na 2021, ka ajiye shi kusa da .270 Winchester na 1925 da .270 WSM. In 7mm PRC na 2022 ne, ka tambayi me ya fi 7mm Remington Magnum na 1962 da shi. Su .30-06 na 1906 da .308 Winchester na 1952 da .375 H&H na 1912 har gobe ana ƙera su, don ba su daina aiki ba.

A yi adalci, Creedmoor bai yi suna a banza ba. An tsara kwansonsa gajere yadda doguwar ƙwaya za ta zauna daidai, an yi wa cikin bututun bindigarsa murɗi mai sauri, zagaye ɗaya a cikin inci 8, don ƙwayar ta tafi a miƙe, kuma kamfanin ya fitar da harsashi mai inganci a farashi mai sauƙi tun farko. Naushinsa a kafaɗa ma bai kai na .308 ba, wanda hakan ke sa ɗan koyo ya rage rufe ido lokacin jan kunama. Ci gaba ne na gaske, amma na taku ɗaya ne, ba na tsallake kogi ba kamar yadda ake kururuta shi.

Wani harsashin kuma matsalar wasu aka yi shi ya warware. Winchester ta fito da .350 Legend a 2019 saboda wasu jihohin Amurka irin su Ohayo da Mishigan suna da dokar da ta taƙaita farautar barewa da raifil ga harsashi mai miƙaƙƙen kwanso. Kai da ke Kano wannan doka ba ta shafe ka ba, to me za ka yi da maganinta?

Na huɗu, ka karanta lambobin da ke jikin kwali da idon basira

Gudun da aka rubuta yawanci da bututun gwaji mai tsawon inci 24 aka auna shi. In naka inci 20 ne, kowane inci da ya ragu yana cin wani abu daga gudun, kamar ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Sai kuma dabarar da aka fi yi: a ɗauko sabon harsashi da ƙwaya ta zamani mai tsini da santsin ratsa iska, a gwada shi da tsohon harsashi mai ƙwaya mai dunƙulallen kai irin ta da, sannan a nuna maka jadawali a ce ga tazara. Ka nemi a gwada su da ƙwaya iri ɗaya, nauyi kusa da juna, bututu tsawo ɗaya. Sau da yawa tazarar sai ta tsuke.

Ka kuma duba ko hukumar SAAMI ta Amurka ko CIP ta Turai ta amince da ma'auninsa. In ba su yi ba, kamfani ɗaya ne ke riƙe da kai.

Na biyar, ka auna nisan da kake harbi da gaske

Fifikon sababbin harsasan nan yana fitowa ne daga mita 500 zuwa sama, inda iska ke kaɗa ƙwaya. Masu gasar harbin ƙarfe a mita 1,000 suna da hujjar damuwa da shi. Amma a dajinmu mai sabara da geza da ciyawa, a ina za ka hango gada a mita 500? Mafarauci nagari laɓaɓawa yake yi har ya matso, yana lura da inda iska ke kaɗawa. A mita 200, bambancin faɗuwar ƙwaya tsakanin .308 da Creedmoor bai kai faɗin yatsu biyu ba. In kuwa zomo da zabo da makwarwa ne abin nemanka, ba ma aikin raifil ba ne, mai baki biyu ta ishe ka. Kada kuma a manta, gandu irin Falgore ko Yankari ba wurin da ake shiga farauta gaba-gaɗi ba ne, kowane irin harsashi kake da shi.

Na shida, ka yi lissafin abin da zai biyo baya

Harsashi mai cin albarushi da yawa a siririn bututu yana ƙone cikin bututun da sauri. Na .308 kan jure harbi dubu biyar ko fiye kafin saitinsa ya fara lalacewa, na Creedmoor kusan rabin haka, manyan masu gudu kuwa wasu ba sa wuce dubu ɗaya da 'yan kai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mai talla ba zai tuna maka ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne harsashin ya mutu a kasuwa. A 2003 Winchester ta fito da .223 WSSM da .243 WSSM, mujallu suka yi ta yabo. Cikin 'yan shekaru aka daina ƙera bindigoginsu, waɗanda suka saya suka koma farautar harsashin kansa. Wannan a Amurka ke nan, inda shagon bindiga yake ko'ina. A nan, inda komai sai an shigo da shi da dala da takardun izini, abin da dila mai rajista ba ya ajiyewa tamkar babu shi ne. Ka ba sabon harsashi shekara biyar. In ka ga kamfanoni da dama suna ƙera shi, ba wanda ya ƙirƙiro shi kaɗai ba, to ya zauna.

Na bakwai, gwaji

In kana da lasisi kuma ka samu filin harbi da hukuma ta amince da shi, kada harbi uku da suka taru wuri ɗaya su burge ka, wannan sa'a ma tana yin sa, kuma shi ake ɗauka a hoto. Ka yi goma a takarda ɗaya, ka sake wata rana, ka auna da ma'auni. Kafin ka ɗura, ka tabbata sunan da ke gindin kwanso shi ne daidai wanda aka buga a jikin bututu. Wasu harsasan suna shiga bindigar da ba tasu ba, misali .300 Blackout yana iya zama a cikin .223, kuma in aka ja kunama bindigar fashewa take yi. Kada kuma ka kai wa maƙeri bindiga ya faɗaɗa mata ciki don ta ci sabon harsashi. Matsin da Creedmoor ke haifarwa yana kaiwa fam 62,000 a kan murabba'in inci ɗaya, ƙarfen da ba a gwada shi da wannan matsi ba a fuskarka zai tarwatse, ga shi kuma laifi ne a doka.