Babi na Bakwai: Shawarar Ƙara Kare na Biyu a Gida

Darasi na Farko: Duba wanda yake gida tukuna

Iyayena da ƴan'uwana masu koyo, wannan babi ya samo asali ne daga tambayar da wani dattijo ya yi mini a ajinmu na yamma a nan Tawa. Ya ce karensa yana kwana yana kuka har maƙwabta sun fara yi masa magana, kuma an ba shi shawara ya samo masa ɗan'uwa wanda zai ɗebe masa kewa. Na ce: "Baba, kafin ku karɓi kwikwiyon kowa, ku je da tsakar rana ku tsaya inda aka ɗaure naku." Da ya dawo sai ya ce ya tarar igiyar ba ta kai kamu uku ba, inuwar bedi ta kauce ta bar karen cikin rana, kaskon ruwa a bushe, ga kaska cike da kunnuwansa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake wuce digiri 40, dabbar da ke cikin wannan hali inuwa da ruwa take roƙo, kuma idan aka kawo mata abokiya, masu kukan ne za su zama biyu.

Saboda haka ka fara gyara waɗannan, ka riƙa kwance shi yana miƙe ƙafa kullum, ka saurara mako biyu. Idan kukan ya ragu, magana ta ƙare. Idan kuwa aiki ne ya yi wa kare ɗaya yawa, kamar mai garkar albasa mai faɗi ko mai garken awaki, to dalilinka yana da ƙarfi. Abzinawa makiyaya na wajen Abalak da Cintabaradan suna riƙe karnuka da yawa, irin dogayen nan sirara masu gudu da aka sa wa sunan kwarin Azawak, amma su daji gare su, kai kuwa tsakar gida ce da kai. Malamai sun karantar da mu halaccin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Zancen gadin gida kuwa ka kai shi gaban limamin unguwarku.

Darasi na Biyu: Lissafin ciyarwa

Wannan shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci, kada kowa ya yi gaggawa. Ka buɗe sabon shafi a littafinka, wato shafin da babu rubutu a kansa ko kaɗan. Ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. Ka fara daga hannun hagu, domin rubutun boko ba daga dama yake tashi kamar na allo ba. A gida na farko ka rubuta rana, a na biyu abin da karen ya ci, a na uku kuɗinsa. Za ka yi haka kwana 7 a jere, kuma kowace rana a rubuta nata kafin a kwanta, domin abin da aka bari sai gobe mantuwa ce take cinye shi.

Yanzu ku saurara da kyau. Da baki muna ƙirga kuɗi da dala, amma a takarda ana rubuta su da tamma, kuma dala 1 tamma 5 ce. Idan ka sayi dusa ta dala ashirin, abin da za ka rubuta shi ne 100. Ka ciro kwandalar daga aljihunka ka duba lambar da ke jikinta, za ka ga 100 aka buga. Abin da ke jikin kuɗin shi ake rubutawa. Dala ashirin a baki, 100 a takarda. Dala goma a baki, 50 a takarda. Ku faɗa da ni: dala goma, 50, dala ashirin, 100, dala ɗari, 500, jika ɗaya, 1,000. Wanda ya rikice kada ya ji kunya, tun muna yara kunnenmu ya saba da dala, kuma da yawa daga waɗanda suka fi ƙwarewa a ajin bara nan suka fara tuntuɓe.

Ga misali. A ce kullum kana sayen dusa ta dala ashirin, kana kuma karɓo ƙashi na dala goma wurin mahauci. Ka rubuta 100, a ƙarƙashinsa ka rubuta 50, ka haɗa su, 150 ke nan a rana. A wata mai kwana 30 ya zama 4,500, wato jika huɗu da rabi. Kare biyu za su ci 9,000 a wata, a shekara kuma 108,000. Wani ɗalibina ya rubuta 20 da 10, ya haɗa ya samu 30, ya ninka sau 30 ya samu 900, ya zo yana murmushi wai karensa ba ya cin ko jika ɗaya a wata. Haɗawarsa daidai ce, ninkawarsa daidai ce, tun a lambar farko ya ɓata. Ka koma shafinka yanzu ka duba: inda ka biya dala ashirin, 20 ka sa ko 100? Idan 20 ce, ka goge ka gyara, babu laifi.

Akwai masu ce mini ai karensu ƙanzo da ragowar tuwo yake ci, kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Hatsin nan ko an auno shi da tiya a kasuwar Lahadi ko an ɗebo shi daga rumbu, kuma ragowar da ta ishi kare ɗaya ba za ta ishi biyu ba, musamman da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ka tambayi uwargida yawan hatsin da ke tafiya a kaskon kare, ita ta sani, ka kimanta kuɗinsa ka rubuta, da tamma.

Dole in faɗa muku gaskiya, raina ya sosu a makon jiya da na karɓi littattafai na tarar wasu sun cika kwana 7 ɗin gaba ɗaya a bakin ƙofar aji da alƙalami guda, kuma har yanzu da dala. Manya ne ku, wasunku sun haife ni, ba zan yi muku faɗa kamar yara ba, amma wanda bai iya tsayawa minti biyu ya rubuta abin da kare ɗaya ya ci ba, ban ga yadda zai kula da biyu ba. Ina sake maimaitawa: dala ashirin a baki, 100 a takarda.

Darasi na Uku: Allura da haihuwa

A ƙarƙashin lissafinka ka ƙara kuɗin allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda za ka tambayo wurin likitan dabbobi, ka ninka shi biyu. Ana fara yi wa kwikwiyo ita yana da wata 3, likita kuma zai faɗa maka ranar maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan ba a tashi.

Namiji da mace sun fi zama lafiya, amma karya tana haihuwa bayan kimanin kwana 63 da ɗaukar ciki, sai ka wayi gari da karnuka bakwai ko takwas. Ka yi wa likita zancen fiɗiya tun da wuri. Kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika mako 8 tare da uwarsa ba.

Darasi na Huɗu: Ranar haɗa su

A haɗa su a waje, kowane da igiyarsa da mai riƙe shi, a bar su su sansani juna sannan a shiga gida tare. Kowa da kaskonsa, nesa da na ɗan'uwansa, kuma a fara ba tsohon. Idan suka kama faɗa, a watsa musu ruwa, kada a sa hannu.

Darasi na Biyar: Wa zai kula da su

Idan kana tafiya ci-rani Abijan bayan girbi, ka nemi amincewar wanda za ka bar wa karnukan, ka rubuta sunansa a ƙasan shafin. Ku zo da littattafanku ranar Litinin, zan duba gida na uku.