Yadda za a kawar da ƙuma daga gida a Legas

Wanda ya zauna a gidan haya a Agege ko Idi-Araba ya san cewa damina ba ta zuwa ita kaɗai, domin danshi da ɗumin Legas su ne abin da ƙuma ke so. Alamarta ta farko ita ce ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a idon sawu da ƙwauri, saɓanin kuɗin cizo da ke bin jikin mai barci ko'ina. Idan ana shakka, a taje gashin kyanwa a kan farar takarda mai laima. Baƙin ɗigon da ya zubo, in ya rikiɗe ya zama ja, kashin ƙuma ne, wato jinin da ta sha.

Kuskuren da akasarin mutane ke yi shi ne su fesa magani sau ɗaya su ɗauka an gama. Ƙumar da ake gani tana tsalle kaɗan ce daga cikin abin da ke ɗakin, saboda mace ɗaya tana iya saka ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan yana zubowa daga jikin dabba ya shige darduma, tabarma da tsagar siminti. Tsutsar da ta fito tana lulluɓe kanta cikin wani kwanso da magani ba ya ratsawa sosai, ta zauna makonni tana jira. Shi ya sa ake ganin ƙuma ta dawo bayan kwana goma, har a zargi maganin da rashin ƙarfi.

A fara da dabbar. A kai kyanwa wurin likitan dabbobi ya ba da maganin ɗigawa a ƙeya, kuma kada a taɓa shafa mata maganin kare, domin sinadarin permethrin da ke cikin wasu yana kashe kyanwa. Ragon layya da aka sayo daga kasuwa a ɗaure shi nesa da ƙofar ɗaki, a riƙa share inda yake kwana.

Sannan a wanke zannuwan gado da shimfiɗar dabba da ruwan zafi, a shanya katifa da darduma a rana mai ƙarfi. A yi shara kullum har ƙarƙashin gado da kusurwoyi na aƙalla mako uku, a ƙulle sharar a leda a fitar da ita waje.

Game da feshi, a sayi wanda ke da lambar NAFDAC kuma aka yi shi don cikin gida. Sniper maganin gona ne, hukumar ta sha gargaɗi kan fesa shi a ɗaki, kuma haɗin otapiapia da ake tallarsa a kwalba ba wanda ya san ƙarfinsa. A fitar da yara, a rufe abinci, a maimaita feshin bayan mako biyu.

Ɓera ma yana ɗauke da ƙuma, don haka a toshe ramukansa, a kuma yi magana da maƙwabta da mai gidan a yi aikin rana ɗaya, domin a gidan da ɗakuna ke fuskantar juna ƙuma ba ta buƙatar tafiya mai nisa kafin ta koma inda aka kore ta.