Kafin allurar tatu ta taɓa fatarka, ga amsar tambayoyin da ake yawan yi

Bari in fara da abun da na san shi zai fara zuwa ran mutane da yawa. A wajen mafi yawan malaman Musulunci tatu na dindindin, wato zanen jiki da ake yi da allura da tawada, haramun ne, hadisin da ya yi magana a kai yana cikin Bukhari da Muslim, ni kuma ba fatawa na zo bayarwa ba, mai tambaya ta wannan ɓangaren ya nufi malaminsa. Amma dai ana yi. Akwai masu jin Hausa da ba Musulmi ba, akwai yaranmu da ke karatu a Ingila da Amurka, akwai 'yan mata masu zuwa a zana musu gira wadda ba ta gogewa suna ganin kwalliya ce kawai alhali allura ce da tawada, ga samari masu zuwa a mayar musu da leɓe ja a bakin kasuwa, duk abu ɗaya ne. Kuma da yake yawanci a ɓoye ake yi, mutum ba ya tambayar kowa, sai ya faɗa hannun wani ɗan bayan layi mai inji a jaka, ya ji kunyar cewa a nuna masa allura. Wannan kunyar ita ke kai mutane asibiti.

Wai me ke faruwa da fatar ne?

Injin yana soka allura cikin fata zurfin milimita 1 zuwa 2, sau ɗaruruwa har dubbai a minti guda, tana wuce fatar sama ta ajiye tawada a ta ƙasa wadda ba ta saɓulewa, shi ya sa zanen ke zama. Kenan rauni ne buɗaɗɗe, jini na fita ko da kaɗan ne, kuma duk abun da ke jikin allurar ko cikin tawadar ko a hannun mai zanen ya samu ƙofa.

Kowa ƙanjamau yake tsoro, toh ba laifi, amma wanda ya fi saurin kama mutum ta wannan hanyar shi ne ciwon hanta nau'in B da C. Ƙwayar cutar nau'in B tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini a kan tebur ko jikin inji, ba ka ganin komai da ido. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, wajen mutum ɗaya cikin goma sha biyu kenan, kuma akasarinsu ba su ma sani ba, lafiyarsu ƙalau suke yawo. Wanda ya tashi daga kujerar kafin ka zauna ba ka san me ke jininsa ba, shi kansa ƙila bai sani ba. Saboda haka in har ka ƙudura, fara zuwa a gwada ka a yi maka rigakafin nau'in B, allura uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Nau'in C ba shi da rigakafi, tsaftar shagon ce kawai garkuwarka.

Ta yaya zan gane shagon kirki?

Nan ne zan daɗe don nan ne maganar take. Kar ka je ranar da za a yi maka, je kafin nan, ka ce kana so ka ga wajen ka ga ana aiki. Hoton Instagram ba ya nuna datti, kuma da yawa daga cikin hotunan ma ana ɗaukarsu ne da zarar an gama zane, ka ce a nuna maka aikin da ya warke, musamman a fata irin taka.

A Ingila dole shago ya yi rajista da ƙaramar hukuma, kuma tun 1969 doka ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba ko da iyayensa sun yarda, a Amurka kowace jiha da dokarta. In kana can ka nemi ganin takardar. In kuma a Legas ne ko Abuja ko Akara, kar takardar bango ta ruɗe ka, idonka ne sufeto.

Ka tsaya ka kalli yadda yake shirya tebur. Allura tana zuwa ne a cikin 'yar leda rufaffiya, gefe ɗaya takarda gefe ɗaya roba, da ranar lalacewa a jiki, a gabanka za a ɓare ta, in ka zo ka tarar an riga an ɗaura ta a inji ka ce a canza, in ya ɓata rai ka ɗauki takalminka. Tawada kuma ba a tsoma allura cikin babbar kwalba, ana ɗigawa ne a wasu 'yan ƙananan kofuna na roba da ba su wuce kan yatsa ba, naka kai kaɗai, abun da ya rage a zubar, ba a mayarwa kwalba. Rezar da za a aske gashin wajen sabuwa. Jikin injin da wayarsa da kwalbar feshi da inda za ka ɗora hannu duk a naɗe da leda sabuwa. Ya wanke hannu ya sa safar hannu, kuma ka lura da kyau nan ne da yawa ke faɗuwa, zai sa safa tsaf sai waya ta yi ƙara ya ɗauka ya amsa, ya karɓi kuɗi, ya sosa hanci, ya dawo kan fatarka da safar nan dai. In ya taɓa wani abu sai ya canza. Sannan a sami akwatin roba mai kauri na zubar da allurai, ba kwandon shara ba.

Kayan ƙarfe da ake sake amfani da su kuma sai an saka su a otokilef, wata tukunyar tururi ce irin ta asibiti mai kai zafi digiri 121 zuwa 134 da matsin iska. Sifirit ba ya wannan aikin, Dettol ba ya yi, ƙonawa da laita ba ya yi, ɗan akwatin nan mai shuɗin haske irin na shagon aski shi ma ba ya yi. Ka tambaya kai tsaye, oga ina otokilef ɗinku? Wasu shagunan komai nasu na amfani sau ɗaya ne a yar, wannan ma ya yi. Mai sana'ar da ya san aikinsa daɗi yake ji in an yi masa irin wannan tambayar, har ya ja ka ya nuna maka.

Wajen da ake cin abinci ana busa shisha a ɗakin da ake zane, ko mai zanen da ya ce zai zo ya same ka a otal ko hostel da rabin kuɗi, ka haƙura. Araha ba ta ado.

Ita tawadar fa?

Mutane na mantawa da ita. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da ko launi ɗaya don a tsira shi cikin fata ba, Tarayyar Turai kuma daga Janairun 2022 ta taƙaita sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu. Tsakanin 2011 da 2012 an samu ɓarkewar wata cutar fata a jihar New York, da aka bi diddigi ashe tawada ce mai ruwan toka da ta gurɓace tun kafin a buɗe ta. Ka duba kwalba, da sunan kamfani da ranar lalacewa, in babu lakabi a'a. In zai sirka baƙi don yin inuwa, da ruwa mai tsabta na asibiti ake yi ba ruwan famfo ba. Ja shi ne launin da jiki ya fi ƙi, wani sai bayan watanni ko shekaru wajen ya fara kumburi da ƙaiƙayi, masu jan leɓe ku ji wannan. A baƙar fata kuma baƙi da launuka masu duhu su suka fi fitowa, rawaya da fari da zarar an warke dusashewa suke.

Wa bai kamata ya yi ba?

Duk wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu, irin wanda za a huda kunne ya fito da ƙullutu, ko ƙurji ya warke a ƙirji ya bar tsoka mai sheƙi tana ƙara girma. Wannan ya fi yawa a baƙar fata, yana bin dangi, kuma ƙirji da kafaɗa da gadon baya da kunne nan ya fi so. In kana da shi ko a gidanku akwai, gaskiya ka bar maganar, cire shi wahala ne kuma yana dawowa. Mai juna biyu da mai shayarwa su dakata. Mai ciwon suga, mai sikila, mai matsalar bawul ɗin zuciya, mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, duk sai sun ga likita tukuna. Ba a zane a kan ƙuraje ko makero ko ƙyasbi, ba a kuma rufe tawadar Allah da zane don in ta fara canza kama ba za a gani ba. Ke kuma mai shafa man bilicin, fatar ta riga ta yi siriri ba ta warkewa da wuri, ki faɗa wa likita gaskiya kafin komai.

Zafi kam akwai. Haƙarƙari, ƙashin baya, idon sawu, gwiwa da yatsu sun fi, damtse da cinya da sauƙi. Ka ci abinci ka ƙoshi ka sha ruwa ka yi barci, masu sumewa yawanci da yunwa suka zo. Banda giya, banda asfirin don yana ƙara zubar jini, banda tiramol da sauran kayan maye wai don kar a ji zafi. Man kashe zafi kar ka shafa da kanka sai ka tambayi mai zanen.

Bayan an gama fa?

Rabin aikin yanzu a hannunka yake. Za a rufe wajen, ka bi lokacin da aka ce maka ka cire, leda ta yau da kullum awanni kaɗan ne, akwai kuma wata filasta mai manne wa fata da ake bari kwanaki. Wanke hannu tukun, sannan ka wanke zanen da sabulu marar ƙamshi da tafin hannu, ba soso, in ba ka yarda da ruwan gidanku ba ka tafasa ka bari ya huce. Ka ɗan daddanna da tishu mai tsabta ya bushe, kar ka goga, sai ka shafa man da aka ba ka siriri sosai, ba a dambara shi. Sau biyu ko uku a rana ya isa.

Kwanakin farko zai yi zafi ya ɗan kumbura, ruwa-ruwa haɗe da tawada ya fito, ba komai. Wajen sati guda zai fara ɓawo da ƙaiƙayi kamar ka yi hauka, kar ka sosa kar ka ɓamɓare, in ka ɓare ɓawon da tawadar yake tafiya ya bar tabo. Sati 2 zuwa 4 banda iyo, banda shiga kogi ko jiƙa wajen a baho, banda barinsa a rana, ka sa kaya masu sakin jiki. Lokacin hunturu ƙura da bushewa sai an ƙara kula, lokacin zafi kuma gumi. Dan Allah banda man zafi, banda man goge baki, banda sifirit, banda toka ko wani haɗin gida. Sama tana warkewa cikin wata guda, can ciki kuwa yana ɗaukar watanni.

Yaushe zan tafi asibiti? In zafin ƙaruwa yake maimakon raguwa bayan kwana biyu uku, kumburi na yaɗuwa, wajen ya ɗau zafi rau, mugunya na fita ko wari, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ko rawar sanyi. A baƙar fata ja ba ya nunawa sosai don haka kar ka tsaya jiran ganin ja, taɓa ka ji. Kar ka je kemis ka haɗo ƙwayoyi da ka, kuma kar kunya ta sa ka ɓoye wa likita cewa tatu ne. In kuma daga baya ka gane allurar da aka yi maka an yi wa wani da ita, a ranar ka tafi, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Wasu za su ce toh bari in yi na ɗan lokaci da baƙin lalle. Lallen gargajiya ja lafiya lau ne ga yawancin mutane, amma baƙin nan mai kamawa nan take sau da yawa ana haɗa shi da PPD, sinadarin rinin gashi, yana iya tayar da bororo ya bar tabo da siffar zanen, kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya har rinin gashi sai ya gagare ki.

Sai ƙananan tambayoyi. Ba da jini, a Ingila sai an jira wata 4 bayan tatu, ko ina kake ka faɗa musu kafin su ɗiba. Hoton MRI ana yi, ka dai sanar da ma'aikatan don jefi-jefi wajen kan ɗau ɗumi. Mai burin shiga soja a Najeriya ya sani sharuɗɗan ɗaukar aiki sun hana mai tatu, kuma samari sun san yadda zane a wuya ko hannu ke jawo tambayoyi a shingen hanya.

In na gaji da shi zan iya cirewa?

Ana iyawa amma ya fi yinsa tsada da zafi nesa ba kusa ba. Hasken leza ne ke farfasa tawadar jiki ya riƙa kwashewa a hankali, sau da yawa zama 6 zuwa 10 ko fiye, da tazarar sati 6 zuwa 8 tsakani, ka ga ana iya haura shekara kenan. Baƙi ya fi saurin fita, kore da rawaya taurin kai gare su, kuma ba lallai ya goge tas ba. A baƙar fata sai an yi hattara don leza na iya barin farin tabo ko ta ƙone wajen, nau'in da ake kira Nd:YAG mai lamba 1064 shi aka fi amfani da shi ga fata mai duhu, ka tambaya ko shi gare su, kuma likitan fata za ka nema ba shagon kwalliya ba. Mayukan da ake tallatawa a intanet wai suna goge tatu ba sa kaiwa inda tawadar take, dutsen guga da ruwan batir da gurzawa da gishiri kuwa ƙuna za su bar maka, tawadar kuma tana nan a ƙasan tabon.