Kurakuran da aka fi yi wajen lissafa gogayyar da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika da Girinlan

Ɗaliban kimiyya a nan Maraɗi, idan suka fara aiki da manhajojin lissafin motsin ƙanƙara irin su PISM da Elmer/Ice, sukan zuba hankalinsu kan zafin iska da na teku, alhali babban ƙullin yana can ƙasa, inda ƙanƙarar da kaurinta kan wuce kilomita 4 take zamewa bisa dutse ko laka. Abin yana damuna, domin ƙanƙarar Antatika kaɗai tana riƙe da ruwan da zai ɗaga teku da kusan mita 58, ta Girinlan kuma fiye da mita 7, kuma saurin zubewarsu cikin teku ya rataya ne kan wannan gogayya.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar adadin gogayyar da kwamfuta ta fitar tamkar an je an auna shi. Ba haka ake samunsa ba. Tauraron ɗan'adam yana auna gudun ƙanƙara daga sama, sai a yi ta daidaita adadin har gudun da ke cikin lissafi ya yi daidai da wanda aka gani. Saboda haka duk kuskuren da ke cikin taswirar dutsen ƙasa, ko cikin ƙiyasin taushin ƙanƙarar, yakan shige cikin adadin ya ɓuya. Gyaransa shi ne a fara da taswira mai kyau kamar BedMachine, sannan a saki lissafin ya yi tafiyar wasu shekaru, a gwada raguwar kaurin da ya nuna da wadda tauraro ya gani.

Na biyu, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne dogaro da doka guda, wato ƙa'idar lissafi ɗaya da ke danganta gogayya da gudun zamewa. Dokar da Weertman ya kawo a 1957 an gina ta ne kan ƙanƙarar da ke zamewa bisa dutse mai tauri, kuma a cikinta turjiya tana ƙaruwa muddin gudu yana ƙaruwa, ba iyaka. Amma a wurare da dama na Yammacin Antatika laka ce a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin amalanken shanu a bakin Gulbin Maraɗi bayan ruwan sama ya san halin laka: tana riƙe ƙafar amalanke gam, amma da zarar ta saki, ƙara sauri ba ya ƙara mata ƙarfin riƙo. Gwaje-gwajen da aka yi da lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin kogin ƙanƙara na Whillans, wani sashen ƙanƙara mai saurin gudu a can Yammacin Antatika, sun nuna hali irin wannan, wanda dokar Coulomb ta fi bayyanawa. Haɗarin shi ne dokokin biyu suna iya dacewa da gudun yau daidai wa daida, amma su raba hanya sosai kafin shekarar 2100. Don haka a gudanar da lissafin da kowacce, har da dokar Schoof ta 2005 da ta haɗa halayen biyu, a kuma bayyana tazarar sakamakon a fili.

Sai barin adadin gogayya a daskare har tsawon ƙarni, kamar ruwan da ke ƙasa ba ya canzawa. Matsin ruwa yana rage nauyin da ke danne ƙanƙara a kan shimfiɗarta, sai ta ƙara zamewa. Kogin ƙanƙara na Kamb, maƙwabcin Whillans, ya tsaya cik fiye da shekara 150 da suka wuce, kuma masana da dama suna danganta hakan da canjin ruwan ƙarƙashinsa. A Girinlan kuwa, narkewar farkon lokacin zafi tana ƙara gudu, amma idan ruwan ya buɗe wa kansa manyan magudanai, gudun yakan ja baya. Wajibi ne matsin ruwa ya shiga cikin dokar.

A ƙarshe, kada a yi amfani da raga mai manyan idanu, wato rarraba taswirar gida-gida masu faɗi domin lissafi, a layin da ƙanƙara ke barin ƙasa ta fara yawo kan teku, musamman a Thwaites, ƙatuwar ƙanƙarar da ke gangarawa teku a Yammacin Antatika, wadda ita kaɗai za ta iya ɗaga teku da kusan santimita 65. A wannan layi idon ragar ya zama bai kai kilomita 1 ba, ko da kwamfutar za ta kwana tana aiki.