Yadda Ake Gwada Maganin Ƙwayar Gado A Kan Raunin Lakar Jariran Ɓeraye

Idan lakar babban ɓera ta ji rauni, tabo ne ke cike wurin ya hana jijiyoyi tsallakewa, amma a shekarar 2020 tawagar Zhigang He ta Asibitin Yara na Boston a Amurka ta nuna cewa ɓeran da aka murƙushe masa laka yana ɗan kwana biyu yakan warke kusan babu tabo. Mai son gano ƙwayoyin gado (wato umarnin halitta da ake gada daga iyaye) da ke bayan wannan bambanci sai ya fara da neman izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji, sannan ya tsayar da tambaya guda: ƙwayar gado zai ƙara wa dabbar, ko kuwa wata zai kashe ya ga abin da zai biyo baya?

Abin da aka fi ɗora wa saƙon, wato ƙwayar gadon da ake son kai wa jikin dabbar, shi ne ƙwayar bairus ta AAV, wadda aka cire mata ikon hayayyafa. Ba ta ɗaukar kayan da ya wuce kilobes 4.7 (kilobes shi ne ma'aunin tsawon ƙwayar gado), saboda haka dole a auna tsawon ƙwayar gadon tun kafin a kashe kuɗi. Nau'in AAV9 yana ratsawa daga jini zuwa laka a jikin jariran ɓeraye, kamar yadda tawagar Brian Kaspar ta nuna a 2009, kuma wannan hanya ce ta kai ga Zolgensma, maganin wata cutar shanyewar tsoka da jarirai ke gada, wanda Amurka ta amince da shi a 2019. Wanda kuma jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ne damuwarsa, gara ya yi allurar a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, yadda aka yi a wani gwaji na 2010 da aka kashe PTEN, ƙwayar gadon da ke taka wa tsiron jijiyoyi birki.

A kwanakin farko ana sumar da jaririn ne da sanyi. A shimfiɗa ƙyalle a kan ƙanƙara don kada fatarsa ta taɓa ta, a ɗora shi har ya daina motsi, a gauraya bairus ɗin da ɗan rini domin a ga inda ruwan ya bi, sannan a tura shi a hankali da siririyar allurar gilashi. Bayan aiki a ɗumama shi har jikinsa ya koma ja, a goge jini tas, a shafa masa ɗan shimfiɗar kejinsu kafin a mayar da shi, domin uwar da ta ji baƙon wari tana iya ƙin shayar da shi ko ma ta cinye shi. A kowace haihuwa a ware wasu a yi musu allurar da ba ta ɗauke da komai sai furotin mai ƙyallin kore na GFP, don a sami abin kwatance.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wurin fassara sakamako. Jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ba su gama isa ƙasan laka ba a makon farko, don haka wadda aka gani ta haye rauni wataƙila ba ta taɓa yankewa ba, isowa ta yi daga baya. Haka nan ɓeran da aka yanke wa laka gaba ɗaya yana jariri yakan iya taka ƙafafun baya da taimakon jijiyoyin da ke ƙasan raunin kaɗai, ba tare da saƙo daga ƙwaƙwalwa ba. A ganina duk rahoton da bai warware waɗannan biyun ba bai kamata a kira shi shaidar warkewa ba. Maganin abin shi ne a yi wa jijiyoyin alama, kuma idan dabbar ta girma a sake yanke lakar a wurin farko: in tafiyar ta lalace, lallai an sami haɗi na gaskiya.

Tafiyar kanta ana auna ta ne bayan an yaye su, da ma'aunin BMS mai maki 0 zuwa 9 ga ƙaramin nau'in ɓera (mouse), ko BBB mai maki 0 zuwa 21 ga babban nau'in (rat), kuma masu ba da makin su zama mutum biyu waɗanda ba su san wace allura aka yi wa kowace dabba ba.