Yadda Cibiyar Taimakon Shari'a Za Ta Kai Koken Jama'a Gaban Hukuma

Cibiyar taimakon shari'a ta al'umma wuri ce da wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yake samun shawara kyauta, ko a rubuta masa takardar koke, ko a sasanta shi da abokin rigimarsa tun kafin magana ta kai kotu. Cibiyoyi da dama suna tsayawa a nan, su warware matsalar wanda ya zo, su rufe fayil ɗinsa, su kira na gaba. A ganina wannan asara ce, domin abin da yake taruwa a kan teburinsu shaida ce ta yadda doka take tafiya da talaka, kuma ba kowace hukuma ce take da irinta ba.

Aikin yana farawa daga rajista. A buɗe littafi ko shafi a kwamfuta, a riƙa rubuta ranar da mutum ya zo, da irin matsalarsa, da ofishin ko ɓangaren da yake kuka da shi, da matakin da aka ɗauka, da yadda aka ƙare. A ba kowane mai koke lamba, sunansa kuma ya zauna a wani littafi dabam da ake kullewa. Duk ƙarshen wata ma'aikata su zauna su ƙirga. Idan mutum ɗaya ya ce an karɓi kuɗi a hannunsa kan takardar da doka ta ce kyauta ce, wannan matsalarsa ce, amma idan koken ya yi ta maimaituwa daga bakin mutanen da ba su san juna ba, kuma duk ofishi ɗaya suke nunawa, to magana ta zama ta jama'a. Haka ofisoshin ba da shawara na ƙungiyar Black Sash, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 1955, suka yi da koke-koken baƙar fata kan dokokin takardar izinin zirga-zirga: sun taimaki mutane ɗaya bayan ɗaya, sannan suka riƙa fitar da rahotanni daga abin da suka tara.

Kafin a fita da komai waje, sai an kiyaye amana. Alƙaluma ba sa tona asirin kowa, amma labarin mutum ba a ba da shi sai da yardarsa a rubuce, bayan an fayyace masa abin da ka iya biyo baya, musamman idan wanda yake kuka da shi shi ne mai gidan da yake haya ko wanda yake yi wa aiki. Wanda ya ƙi, a bar shi, kuma kada hakan ya rage masa komai daga taimakon da ake ba shi.

Daga nan sai a nemi ƙofar da ta dace. A fara da shugaban ofishin da abin ya shafa, a rubuta masa wasiƙa gajeriya mai ɗauke da adadin koke-koken, da sashen dokar da aka saɓa, da gyaran da ake nema, da wa'adin da ake sa ran amsa. A kai kwafi biyu, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a dawo da shi, domin wasiƙar da ba ta da shaidar karɓa takan ɓata ba tare da kowa ya ɗauki alhaki ba. Idan an yi shiru, a wuce zuwa hukumar sauraron koke-koken jama'a ko ta kare haƙƙin ɗan Adam, a kuma yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai a ƙasashen da suke da ita. Zaman jin ra'ayin jama'a da majalisu suke yi kan ƙudurin doka ko kasafin kuɗi dama ce da ake yawan sakaci da ita, alhali wanda ya zo da alƙaluma ya fi wanda ya zo da fushi samun kunnen 'yan kwamiti. 'Yan jarida su zo daga baya, bayan an ba hukuma damar gyarawa.

Lauyoyi kaɗai ba za su iya wannan aiki ba, don haka a horar da mataimakan lauya daga cikin al'ummar, su riƙa wayar da kai a ƙungiyoyin ma'aikata da na mata da na matasa. A Malawi, tun daga 2000 irin waɗannan mataimaka suke shiga gidajen yari suna koya wa masu jiran shari'a yadda ake neman beli. Saliyo ta amince da matsayinsu a dokarta ta taimakon shari'a ta 2012, a shekarar da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙa'idojin samun taimakon shari'a a shari'o'in laifi, waɗanda su ma suka ambace su.

Cibiya ta yi nesa da jam'iyyun siyasa, ko da ɗan takara ya yi tayin biyan kuɗin hayar ofis, domin ranar da aka ɗauke ta ta wani ɓangare, rabin masu buƙatarta za su daina zuwa. A kafa kwamitin sa ido da ya haɗa da waɗanda suka taɓa kawo koke, sannan a kira taro aƙalla sau ɗaya a shekara, a karanta wa jama'a wasiƙun da aka aika, da amsoshin da aka samu, da ofisoshin da har yanzu ba su ce uffan ba.