Yadda Ake Daidaita Kwanbata Idan An Ɗora Injin LS A Tsohuwar Akori-kurar Chevrolet

Masu ɗora injin LS, wato jerin injunan V8 na kamfanin GM da suka gaji tsofaffin na Chevrolet, mai lita 5.3 ko 6.0, a kan tsohuwar giya otomatik irin TH350 ko 700R4, da sun ga notunan bayan inji sun hau sai su ɗauka shi ke nan. Akwai sauran rina a kaba. Gindin karanshaf na LS ya fi na tsohon injin 350 gajarta da inci 0.400, kusan milimita 10, don haka hancin kwanbata, wato tulun man da ke miƙa ƙarfin inji ga giya otomatik, ba ya kaiwa ramin karanshaf ɗin. Kwanbatar da ba ta zauna a tsakiya ba rawa za ta riƙa yi, ta cinye bushin famfon man giya, man giya ya fara ɗiga.

Maganin shi ne zoben ƙarfe mai ƙara wa karanshaf tsawo. Idan filawil ɗinka, wato faifan da ke haɗa karanshaf da kwanbata, shimfiɗaɗɗe ne, zoben yana zama tsakaninsa da karanshaf. Idan mai kwarmi ne, ta wajen giya ake sa shi. Ko ta ina, sai da dogayen notuna. Injin 6.0 na 1999 da 2000 mai dogon karanshaf ne, ba ya buƙata. Ramukan filawil na LS kuma ba sa dacewa da tsohuwar kwanbata. Wasu na faɗaɗa su da magagari don sauƙin kuɗi, amma sayi wanda aka huda daidai, ya fi kwanciyar hankali.

Ga inda ake ɓarna. A jikin giya ake fara sa kwanbata, ba a jikin inji ba. Zuba mata man giya kamar lita ɗaya, ka shafa kaɗan a wuyanta saboda sil. Tura ta kana juyawa a hankali, za ka ji ta faɗa ciki sau uku: haƙoran sandar giya, haƙoran bututun da ke kewaye da sandar, sannan kunnuwan famfo. Na ukun ne ke wuya, shi ake tsallakewa. Gitta rula a bakin giyar ka auna. Kunnuwan kwanbata, inda ake ɗaure ta da filawil, su nutse ciki da inci ɗaya ko fiye kaɗan. In ba su kai ba, ci gaba da juyawa.

Kada ka taɓa jawo giya da noti. In ta ƙi haɗuwa da hannu, kwanbata ba ta zauna ba, kuma ɗaurin ƙarfi fasa famfo yake yi tun mota ba ta tashi ba.

Bayan an haɗe, kwanbata ta juya sakayau, da ratar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da filawil. Ƙasa da haka tana danne famfo da karanshaf. In ta wuce, cike da wosha masu tauri, kauri ɗaya a kowane kunne, in ba haka ba, za ta zare daga famfo.

Sa duk notunan da hannu tukuna, da maganin hana kwancewa, sannan ka ɗaure. Wanke kular mai kafin ka haɗa bututu, ka cika mai, ka sake duba shi inji na aiki.